Ƙofa Ta Dubu Biyu da Ɗari Uku

Ruwan watan Yuli na dukan kwanon rufi a Valparaíso,
can ƙasan tudu jiragen dakon kaya sun kunna fitilu,
ni kuwa ina durƙushe bayan kabad
da tocilar waya a tsakanin haƙora,
ina karanta kalmar sirri a gindin rauta.
Zafi ya cinye rabin takardar.
Wannan takwas ce ko harafin B?

Nibaldo ya bugo daga Punta Arenas:
"Ximena, ina ganin sunan ɗakin, amma ya ƙi shigar da ni."
Shekara ashirin da biyar,
muryarsa ba ta koyi haƙuri ba.

Ɗari da casa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo, ɗaya, ɗigo, ɗaya.
Shafi ya buɗe, fari fat kamar bangon asibiti.
Ashe gidan nan da nake haya
yana da ƙofofi fiye da dubu sittin,
duk a garƙame,
akwatin roba mai ƙiftawa da kore shi ne maigadi,
duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje
sai ya ce masa ba kowa.

Wasan ya tsufa, bai san zamani ba.
An haife shi lokacin da kwamfuta
ke zuwa gidan kwamfuta kai tsaye, ba ɗan aike.
A shagon Don Eleodoro muka koye shi,
mu huɗu, kuɗin awa ɗaya,
waya shuɗiya ta ratsa ƙarƙashin kujeru,
warin soyayyen kifi na shigowa ta taga.
Lokacin ba wanda ya nemi izinin shiga.

Na ɗaure wa kwamfutata lamba ɗaya, kar ta sauya da safe.
Na rubuta: daga dubu biyu da ɗari uku
zuwa dubu biyu da ɗari huɗu.
Ya tambaye ni TCP ko UDP.
Na ce duka biyun, wa ya sani.
Na adana. Fitilu suka mutu, suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya.

"Har yanzu," in ji Nibaldo.
Ina jin cokalinsa na zagaya kofi.

Shayina ya huce. Kyanwa ta kwanta a kan faifan.
Na sake bi layi layi, kamar mai neman allura a tabarma,
sai 'yata Maite ta fito shan ruwa, ido rabi a rufe,
ta leƙa ta kafaɗata:
"Mama, kin buɗe ƙofar gida, kin bar ta ɗaki a kulle."
Ta danna katangar tsaron kwamfutar sau biyu,
ta koma barci.

Ƙarfe ɗaya saura kwata
wani ƙaramin sauti ya yi ƙil,
sunansa ya faɗo cikin jerin,
da kuskuren harafin nan da bai taɓa gyarawa ba.
Daga Santiago Griselda ta biyo, tana tari, tana dariya.

Saura kujera ta huɗu.
Tsohon wasan da muka adana bai ji labari ba:
ga rundunar Osvaldo, masu tuta ruwan ɗorawa,
suna tsaye a bakin kogi inda ya bar su,
manomansa na saran itace,
shekara shida bayan mun kai shi maƙabartar Playa Ancha.
Allon ya ce: a ba na'ura wurinsa?

Ba wanda ya yi magana.
Iskar kudu kawai ke huci a wayar Nibaldo.

Na danna e.

Muka yi yaƙi har ruwan ya ɗauke,
Griselda ta ƙone mini gari sau biyu,
amma ba wanda ya haye kogin.
Da asuba na kashe kwamfuta,
na tsaya da hannu a kan rautar, tana da ɗumi.
Littafinta ya ce a rufe ƙofa idan an gama.
Na bar ta.