Giɓi

A layin Gilmore, ruwan Manila na dukan kwano,
Mang Efren ya aje mini kati mai fanka biyu,
na hannu ne, ƙura ta yi masa gemu.
"Feso dubu shida. Har gashin dodo sai ka ƙirga."

Na tuna kuɗin haya, na tuna mita,
da maganin hawan jinin Nanay.
Na ɗauki furosesa mai zanenta a ciki,
kaza da ƙwanta.

Da dare na rage inuwa, na kashe hazo,
itatuwa suka koma kwali.
Duk da haka sau huɗu na harbe Jomar.

Ramin katin yana nan cikin akwati,
giɓin yaro mai famfara,
yana jiran albashin Disamba.