Guga da Gawa

Ƙarfe huɗu na asuba a Scarborough.
Teku na tari a bayan otal kamar tsoho mai mura.
Daga ni sai dutsen guga, sai zannuwan gado saba'in da biyu,
sai wata murya da na cusa a kunne.

Muryar ba ta gaggawa.
Ta ce an tsinci tsohon alƙali a ɗakin karatunsa,
ƙofa a kulle ta ciki, makulli a aljihunsa,
shayi ya huce, agogo ya tsaya a tara da kwata.
Na ce, to, madalla.
Na juya zani.

Ga likita mai yawan gyara tabarau.
Ga ƙanwar mamaci, wadda ta fara kuka
tun ba a gaya mata ba.
Ga mai lambu da taɓo a takalmi,
alhali kwana tara sama ba ta zubar ba.
Kowa na da abin ɓoyewa,
ni kuwa ina bin su ɗaya-ɗaya da dutse mai zafi,
ina jiran in ga wanda zai ƙi kwanciya.

"Gwenda, hayaƙi!"
Maureen ce, da kwando a kwankwaso.
Rigar matashi ta ɗaki na sha ɗaya ta tafi ke nan.
Na tura ta ƙasan tuli. Yau ni ma na ɓoye shaida.

Da can Desmond ke karanta mini irin waɗannan,
tabarau a ƙarshen hanci,
yana maƙale murya in ya zo kan mata.
Mu sa caca: wanda ya faɗi, shi ke wanke-wanke.
Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa canka daidai ba.
Wannan muryar ta fi tasa daɗi, ba na musu,
amma ba ta tari, ba ta tsallake layi,
ba ta tsayawa ta ce, ina kofina?

Babi na sha tara, mai aikin gidan ta rantse
da ruwan zafi ta wanke jinin da ya ɓata labule.
Na ajiye dutse.
Ruwan zafi?
Haba baiwar Allah, wa kika mayar yarinya?
Duk wadda ta taɓa wanki ta san zafi kafa jini yake.
Sufeto na can yana auna taga,
ni na riga na kama ɓarawona.

Saura babi guda, na danna tsayawa.
Gari ya waye fari fat, tsuntsayen teku na rigima kan burodi.
Na bi gaɓa a ƙafa, na bar bas ta wuce,
ina jan lokaci kamar mai tsotsar alewa.

Desmond zai ce likita ne.
Kullum likita yake cewa.

A gida na ɗora buta,
na dubi kwanukan jiya a wurin wanki,
na zauna, na ce wa muryar:
to, ci gaba.