Gurbina a Benci na Huɗu

Wata goma sha ɗaya ban taka majami'a ba.
Ba da Yesu na ɓata ba,
da Dattijo Istifanus ne,
a kan kuɗin kwano, bandir uku.
Na ce lissafinsa bai cika ba,
ya ce bakina ya fi baikona girma.
A gaban kwamiti ya faɗa. Har da mai dariya.

Na ce: ai Allah ba a Zonkwa kaɗai yake ba,
balle a ƙarƙashin rufinsu.
Ina da Littafi, ina da gwiwa, ina da ƙofa mai sakata.
Ran Lahadi, in an buga tsohon wilin motar nan
da ke rataye a jikin mangwaro,
sai in ƙara wa rediyo murya.
Na yi ta cewa "Ubanmu" ni kaɗai,
"mu" ɗin yana yi mini yawa a baki
kamar rigar da aka ɗinka wa mutum ɗari.

Sai ga Nuwamba. Citta ta nuna, ganyenta ya kwanta,
ni ma na kwanta:
ɗan acaɓa da wani rami a hanyar Kachia
sun raba mini ƙashin cinya biyu.
Kasham na da ciki wata takwas.
Na kwana ina ƙirga buhunan da ke cikin ƙasa
kamar mai lissafin kuɗi a aljihun wani.

Asubar Talata na ji tulu yana magana.
Ba na ruwa ba, na zumuntar mata,
da muryar Mama Afiniki
wadda ba ta taɓa kama waƙa daga inda aka faro ta ba.
Na ja jiki zuwa taga.
Ba ƙofata suka nufa ba, gona suka wuce:
zane iri ɗaya, fartanya a kafaɗa,
samari da buhuna, Didam kurma da baronsa,
can a baya kuma, da hular da wanki ya cinye,
Istifanus, da ɗingishinsa da ya girmi nawa.

Ban aika ba. Ban roƙa ba.
Ko bashin gaisuwa ba na bin kowa a cikinsu.

Kwana uku suna tono, suna tsagawa, suna shanya a kan fa,
har bandejina ya ɗauki ƙamshi.
Da yamma ya shigo, ya zauna a bakin gado,
ƙasa cike da faratansa.
Na jira ya ba ni haƙuri. Ya jira in ba shi.
Kaza ta leƙo, ta dube mu, ta koma.
Can ya ce: "Buhu goma sha bakwai ne.
Rubuta, kada gobe ka ce na ci ɗaya."
Dariya ta ƙwace mini har ƙafar ta amsa.

Ya kai ƙofa, bai juyo ba, ya ce:
"Benci na huɗu, gefen taga, ba mai zama.
Zigwai na goge shi duk Asabar tana mita.
Daidai nan ne ma rufin bai kai ba."

Ran jibin Ubangiji
mutum huɗu suka ɗauke ni a kujerar roba,
ɗaya na cewa na yi ƙiba da zaman fushi.
Suka dire ni a gurbina.
Rana ta zubo ta inda kwano ya gaza, ta sauka a cinyata.
Faranti ya biyo layi, hannu zuwa hannu,
gurasar ta iso ni a gutsure ta kowane gefe,
ta ratsa yatsun da suka kwana uku a gonata.

Na kai baki.
Ban san ko fasto ya lura ba:
jikin Almasihu, ran nan,
yana da yajin citta.