Kwalabe Goma Sha Ɗaya

Bishiyar da Baba ya kawo a gwangwanin madara
daga lambun wani bature,
shekarar da ya bar aikin kuza,
bana ta yi 'ya'ya kamar wadda aka yi wa gori.

Ceri ja wur, har reshe ya sunkuya yana gaida katanga.
Tsuntsaye sun ci rabonsu da safe,
jemagu sun karɓi aikin dare,
'yan makarantar Bukuru sun cika aljihu sun arce,
amma ga kwando uku a tsakar gida
sun zuba mini ido.

Ɗan itacen nan ba ya jiran kowa.
Kwana biyu ya yi laushi,
na uku ƙananan ƙudaje su zo zaman makoki.
Firji kuwa, tun da wutarmu ta tafi ba sallama,
ya koma ma'ajiyar murafen tukwane.

Sai na leƙa ta katanga na kira Ngo Chundung.
Ta zo da kujerarta da tsinken tsifa,
ta nuna mini yadda ake soke shi ta gindi
ƙwallon ya faɗo cikin kwano, ƙwal.
Muka yini, ita tana ba ni labarin ciwon gwiwarta,
ni ina kirga ƙwal, ƙwal, ƙwal,
har yatsunmu suka rine kamar mun kwana da lalle.

Kwandon farko muka baza a faifai bisa rufin kwano.
Amma ranar Jos ba a ba ta amana:
sau huɗu na hau tsani da gudu
don hadari ya taso daga wajen duwatsun Shere.
Abin da ya tsira ya yanƙwane, ya yi baƙi,
zaƙinsa ya shige ciki ya kulle ƙofa.
Shi nake watsawa a kunun acca.

Na biyu ya shiga tukunya da sukari,
lemon tsami biyu, citta kaɗan, kanumfari uku.
Ngo ta ce, kada ki bar ludayi ya huta,
ki ɗiga a faranti mai sanyi,
in kin ja yatsa hanya ta tsaya ba ta rufe ba, sauke.
Na dafa tsofaffin kwalabe har suka yi ta kaɗa haƙora,
na cika sha biyu.
Ɗaya na rufe da sauran danshi, don sauri,
bayan mako ta fito da furfura.
Sauri ya haifi nawa, na zubar ban gaya wa Ngo ba.

Na uku na raba.
Wani ya faɗa zoɓo ya gyara masa hali,
wani ya bi direban tasha zuwa Abuja
wurin ƙanena Sallau,
wanda ke sayen irinsa a kanti da kuɗin buhun masara.

Yanzu sanyi ya sauko, bishiya ta yi tsit.
Da asuba nakan buɗe kwalba ɗaya,
murfin ya ce ɗas,
ƙamshin watan ruwa ya cika ɗaki.
In shafa a burodi, in zauna inda Baba ke zama.
Bai taɓa ganin ta cika kwando ko ɗaya ba,
shekara tara yana ba ta ruwan alwalarsa.

Ƙwallayen suna nan cikin yashi mai laima.
Jiya na wanke gwangwanin madara guda uku.