Rumbu a Hawa na Uku

Ukasha ne ya shigo da shi wata Alhamis,
baƙin akwati, bai fi butar shayi girma ba.
Ya ce, Baba, rumbu na sayo mana.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Rumbu a Jidda, a hawa na uku?
Ina geron, ina dawar?

Ya durƙusa ƙarƙashin talabijin,
ya ɗaura masa igiya zuwa na'urar intanet,
ya zura faifai biyu kamar mai sa gurasa a tanda.
Tagwaye ne, in ji shi,
abin da ɗaya ya ji, ɗayan ya haddace.

Sati uku muna jido.
Hotunan sunan Rumasa'u,
takardun iƙama, har waɗanda suka mutu,
rasit ɗin kowace na'urar sanyi da na gyara
daga Karantina zuwa Bab Makka,
da ni kaina, siriri, da gashi,
ranar da jirgi ya sauke ni ban san kowa ba.

Daga ƙarshe muka zo kan kaset ɗin Inna Tasalla,
wanda wani alhajin Gumel ya kawo a aljihun jaka.
Minti tara ne.
Tana gaishe ni, tana faɗan ban aiko da turare ba,
akuya na kuka a bayanta,
sai ta ce wa wani, ya ɗauka kuwa?
Shi ke nan abin da ƙasa ta rage mana.

Ran nan da asuba fitilarsa ta koma ja,
yana ƙara kamar ɗan tsakon da uwa ta bari.
Gabana ya faɗi.
Na tashi yaron tun kafin kiran salla.
Ya duba, ya yi hamma, ya ce ɗaya ya rasu.
Ya sayo wani wajen ɗan Yaman na bakin titi,
mai ran ya kwana yana yi wa baƙon karatu,
harafi bayan harafi,
har akuyar bai tsallake ba.

Ukasha ya ce kada in saki jiki,
wuta ba ta san tagwaye ba, ɓarawo ma haka,
don haka duk wata yakan kwafe komai
ya kai gidan ƙanwata a Makka.
Na ce wannan dabarar ta girme ka,
kakanka bai taɓa tara iri a rumbu ɗaya ba.

Yanzu Rumasa'u tana Madina da mijinta.
Wani dare na fito shan ruwa,
falo duhu, fanka kaɗai ke magana,
sai ga koriyar fitilar tana ƙifta ido.
Wani ya shiga rumbun daga nesa.
Ban kira ta ba.
Na zauna da kofi a hannu, ina kallon agogo.
Minti tara, fitilar ta natsu.