Ranar da Ruwa Ya Ci

Shekara talatin da ɗaya ina Apapa,
biro a kunne, littafi a hammata,
ina ƙirga kwantena.
Jirgi ya zo in rubuta, ya tashi in rubuta.
Ban taɓa wuce gindin tsani ba.

Da kuɗin sallama suka fito
yara suka ce, Baba, a ƙara ɗakuna a Agege,
haya ba ta tsufa.
Na ce na ji.
Na je na sayi kwana ɗari da goma sha biyu a kan ruwa.

Ga teku a ƙofar gida,
amma sai da na hau jirgin sama a Ikeja
na bi jirgin ruwa har Afirka ta Kudu.

Ɗakina ba taga.
Gado fari fat, kamar ba a taɓa jinya a duniya ba.
Renato, yaron Filifin mai gyaran ɗaki,
kullum sai ya naɗe tawul ya zama giwa.
Nakan ji nauyin warware ta,
in goge fuska da hannun riga.

Alƙibla ba ta zama wuri guda.
Da asuba tana bayan ƙofa,
kafin la'asar ta koma wajen madubi.
Nakan yi kabbara ina fuskantar Makka,
inda nake sallamewa kuwa, Allah ne masani.

Abinci tuli, ba wanda harshena ya gane.
Na yi guzurin yaji a gwangwanin madara.
Wata tsohuwa Baturiya ta roƙa,
ta ɗanɗana, ta yi tari, ta yi hawaye,
ta sake miƙo faranti.
Mijinta ma ya rasu, in ji ta.
Mun ci abinci tare har Fanama
ban riƙe sunanta ba.

Biranen sun cuɗe mini.
A kowace tasha idona ba ya zuwa kan hasumiya,
sai kan wani mutum can ƙasa, da littafi a hammata,
yana ƙirge.
Nakan ɗaga masa hannu. Ba ya gani.

Bayan 'yan kwanaki sai a ce a mai da agogo baya.
Awa guda, kyauta.
Na yi ta karɓa ina murna,
ashe bashi nake ci.
A tsakiyar babban teku muka kwanta Talata
muka wayi gari Alhamis.
Mutane na tafi, ana raba takardar shaida.

Na koma ɗaki na zauna kusa da giwa.
Balaraba, ke ma haka kika yi:
kin jiƙa wake da dare,
kin ce in tuna miki kuɗin wuta.

Dab da ƙarshe, cikin dare, muka wuce Ikko.
Ba mu tsaya ba.
Wani ja-ja ne kawai a gindin sama,
kamar murhun da aka manta ba a kashe ba.
Duk hayaniyar Oshodi, duk ihun kwandastan danfo,
ko tari ban jiyo ba.
Na riƙe ƙarfe ina nuna wa iska unguwarmu.

Yanzu ga ni a bencin Sallau mai shayi.
Jirgin ƙasa ya wuce, kofuna na rawa,
ƙasa ma har yau ba ta daina lilo da ni ba.
Ya yanka burodi, ya ce, Alhaji, yaya duniyar?
Na ce, a zagaye take, Sallau,
ba ka gan ni ba?
Ya ce, to ina tsaraba?

Na laluba aljihu.
Makullin ɗakin da ba taga,
ragowar yaji,
da salla biyar da na rasa wanda zan tambaya
ko ana bina su.