Asusun Tsakani

A Mabalane, gefen kogin Limpopo,
Tsakani ba ta san ƙofar banki ba.
Asusunta ƙafa biyu gare shi,
yana tonon ƙasa a bayan rumbu.

Ran Litinin sha bakwai ne.
Wake-waken nan ta littafin Mafemani ce,
baƙar ta asibiti, in tarin ya dawo,
jan zakara kuwa na baƙon da bai zo ba tukuna.

Laraba, farar ta saki fukafukai
kamar ta aro kwat ɗin da ya fi ƙarfinta.
Kashi kore. Numfashi da ƙyar.
Wuya ya murɗe, ido ya kafe a sama,
sai ka ce tambaya take yi a can.

Cutar fakat ba ta sallama.
Juma'a saura tara.
Lahadi saura biyu,
asuba ta zo, ba mai cara.

Da bijimin mai babbar gona ne ya faɗi,
da mota ta taso daga Maputo
da farar riga, da takardar cikewa.
Amma wa ke rubuta mutuwar kaza?
An ce a bar kaza cikin gashinta.
An bar ta.
A ciki ta mutu.

Gindin marula ta haƙa rami.
Mafemani ya ce, Kaka, littafin fa?
Ta ce, miƙo mini fartanya.

Sai da wata uku ya shuɗe
Nyeleti ta iso a kan keke,
da kwalba, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba,
naɗe a jiƙaƙƙen tsumma cikin kwando,
don babu firji daga nan har tashar jirgi.
Ɗigo ɗaya a ido ɗaya.
Kuɗinsa bai kai na ƙwai ba.

Tsakani ta juya kwalbar a tafin hannu.
Ta ce, wannan ɗan abin?
Shi ne tsakanina da ramin can?
Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
sannan ta kamo biyun da suka rage.

Yanzu baƙar tana kwanci a tsohuwar tukunya.
Mafemani ya leƙa, zai faɗi nawa ne,
ta toshe masa baki:
Kul, kada ka ƙirga da ƙarfi.